Ku riƙa ɗaukar hoton kwalin magani

Jama'a, duk sabon maganin da za ku fara sha, ku ɗauki hoton kwalinsa. Wayar da kanta za ta riƙe muku ranar.

Wasu magunguna irin su Septrin, Fansidar da carbamazepine na farfaɗiya kan jawo wa wasu mutane mummunar cutar fata, yawanci cikin makonni 8 na farko. Zazzaɓi, jan ido, gyambo a baki, sai fata ta fara saɓulewa. In kun ga haka, ku dakatar da shan maganin, ku nufi JUTH (Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos) ko asibiti mafi kusa a ranar. Likita zai tambayi sunansa da ranar farawa, sai ku nuna hoton.

Amma hoto ba ya amfani ga haɗin da mai kemis ke ƙullawa a leda babu suna. Don Allah ku sa ya rubuta sunan kowace ƙwaya kafin ku biya.