Yadda Ake Tanadin Kuɗin Karatun Jami'a Tun Da Wuri

Uban da ɗansa ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare yana da shekara uku kafin maganar jami'a ta taso, kuma a wannan tsakanin ne ya kamata ya fara tanadi. Da farko ya rubuta duk abin da karatun zai ci, domin bayan kuɗin rajista akwai na jarrabawar JAMB, da ɗakin kwana, da abinci, da kuɗin mota, waɗanda sau da yawa sun fi rajistar cin aljihu.

Daga nan sai ya buɗe asusu na daban, ba tare da karɓar katin cire kuɗi ba, ya riƙa zuba kasonsa ranar da albashi ya shigo, tun kafin cefane ya lashe shi. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya zuwa banki irin Jaiz. Adashi ma yana da amfani, muddin aka tsara kwasar ta faɗo daidai lokacin rajista. A ganina, tunda darajar naira tana zaizayewa, gara manomi ya ajiye buhunan masara tun da kaka, ko ya yi kiwon raguna.

Idan tanadin ya gaza, ɗalibin makarantar gwamnati yana iya neman bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashi, wanda aka kafa da dokar 2024. Bashin ba shi da ruwa, ana nemansa ta intanet da lambobin JAMB, NIN da BVN, kuma biyansa yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa.