Yadda ake saita PostgreSQL ya riƙa rubuta kurakuran fayil ɗinsa

A Legas, da yawan ɗauke wuta da komawa kan janareta, sabar PostgreSQL (kwamfutar da ke gudanar da wannan manhajar rumbun bayanai) da ke riƙe lissafin shago a Agege ko na dillalan tumatir a Mile 12 tana iya mutuwa tana tsaka da rubutu. Idan wuta ta dawo, kundin kurakurai ne zai gaya maka wane fayil ne ya samu matsala.

Fara da umarnin SHOW config_file a cikin PostgreSQL, don ka san inda fayil ɗin saituna, postgresql.conf, yake. Buɗe shi ka sa logging_collector = on, wato saitin da ke tattara saƙonni cikin kundi. Wannan ba ya kamawa sai an kashe PostgreSQL an sake kunna shi, don haka ka bari sai an tashi kasuwa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne log_directory, wato wurin da ake ajiye kundin. Idan ka bar shi yadda ya zo, kundin yana zaune ne cikin ma'ajiyar bayanan kanta. Ranar da faifan ya cika, rumbun zai kasa rubutu, kundin ma zai kasa rubuta dalilin, ka tashi ba shaida. Ka ware masa wani faifai daban, misali /mnt/kundi, ka sa log_directory ya nuna can, sannan ka mallaka wa asusun postgres wurin da umarnin chown postgres:postgres /mnt/kundi. Mutane da yawa suna manta wannan, sai PostgreSQL ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Don kada kundin ya kumbura, sa log_filename = 'postgresql-%a.log', log_rotation_age = 1d, log_rotation_size = 0, da log_truncate_on_rotation = on. Hakan zai ba ka fayil 7, kowace rana da nata (%a shi ke sa sunan ranar), na Litinin mai zuwa ya shafe na wannan Litinin. Idan mai kula da sabar ba ya leƙawa duk mako, kwana 7 sun yi kaɗan. Sa kwanan wata a sunan maimakon %a, amma sai ka riƙa share tsofaffin da kanka.

Sa log_timezone = 'Africa/Lagos', domin lokacin da ke kundin ya yi daidai da agogon bangon shago. A log_line_prefix, wato abin da ke zuwa a farkon kowane layin kundin, rubuta '%m [%p] %u@%d %e '. Wannan %e ɗin shi ke fito da lambar kuskure, kuma lambar ta fi saƙon Turancin sauƙin nema da grep, umarnin binciken rubutu a cikin fayil. 53100 na nufin faifai ya cika. 58030 matsalar karatu ko rubutu ce daga faifan kansa, ka duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux, nan take. 58P01 fayil ne ya ɓace. XX001 kuwa bayanai sun lalace, kada ka taɓa komai kafin ka kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya.

Lalacewar shafi, wato guntun da PostgreSQL ke ajiye bayanai a ciki, ba ta cika bayyana ba sai an kunna tantance shafuka. Duba da SHOW data_checksums. In ya ce off, kashe PostgreSQL ka gudanar da pg_checksums --enable. A babban rumbu yana ɗaukar lokaci, a tabbatar da mai a janareta.

Bar log_min_messages a warning. Masu kai shi debug suna cika faifai da surutu.

Bayan ka sake kunnawa, gwada da gangan: SELECT pg_read_file('babu.txt'), wato neman fayil ɗin da babu shi, sannan SELECT pg_current_logfile(), ya nuna maka fayil ɗin yau. Buɗe shi. Idan ba ka ga 58P01 da lokacin Legas ba, koma kan saitunan da ka sa a postgresql.conf.