Yadda za ka rage wa jirgin ƙasa na wasa gudu

Yaro in ya samu abin murɗa gudu, sai ya kai shi ƙarshe, jirgi kuwa yana zuwa kwana ya bar layi, taragu su watse. Faɗa ba ya hana yara. Abin da nake yi wa masu kawo min irinsa shagona na gyaran rediyo shi ne rage wutar da ke isa layin, yadda ko an murɗe duka gudun ba zai wuce kima ba.

Yawancin jiragen wasa masu girman da ake kira HO wutar DC suke ci, wato irin ta batir, daga sifili zuwa bolt 12, gudun kuma yawan bolt yake bi. Ɗora mitar auna bolt a kan layin, ka murɗa a hankali har jirgin ya kai gudun da kake so, ka riƙe lambar. A ce 8 ta nuna, to kusan bolt 4 za ka rage.

Ka shiga Sabon Gari wajen masu kayan rediyo ka sayi dayod 1N4007, wani ɗan ƙaramin kayan lantarki mai ƙafa biyu da zanen zobe a gefe ɗaya. Kowane ɗaya yana cin kusan bolt 0.7, shida ke nan za su ishe ka. Yanke ɗaya daga wayoyi biyun da ke zuwa layin, ka jera su a tsakani da dalma, zobensu duk yana kallon gefe ɗaya. Sai dai dayod hanya ɗaya yake barin wuta, da wannan jerin kaɗai jirgin ba zai ja da baya ba. Haɗa wasu shidan ka juya kansu, ka ɗaura bakin jerin biyu tare ta kowane gefe. Amp ɗaya 1N4007 ke ɗauka, in kan jirgi mai jan taragu guda biyu za ka sa, nemi 1N5408. Suna ɗan ɗumi, a bar musu iska.

Ni dai ba na sa resista, wani abin rage wuta, a madadin dayod. Zafi take yi, kuma abin da take ragewa yana canzawa da nauyin da jirgin ke ja.

Don Allah kar a jona regileta ta fanka ta ɓangaren soket, can wutar bolt 230 ce. In kuma jirginka na DCC ne, wato mai tsarin sarrafawa na dijital, bar wutar layin yadda take, ka rage lambar CV5, mai ƙayyade iyakar gudu, a dikodarsa, wato 'yar na'urar da ke karɓar umarni a cikin jirgin.

Da wuta ta ragu, ƙura kaɗan ma tana tsayar da jirgi. Lokacin hunturu a Kano sai ka goge layin da tsumma da ɗan sifirit kafin a kunna.