Yadda Ake Haɗa Kayan Doguwar Tafiya a Jakar Goyo Guda Ɗaya

Kuskuren da mafi yawan masu shirin doguwar tafiya zuwa ƙasashen waje suke fara yi shi ne auna yawan kaya da tsawon tafiyar. Wanda zai yi wata uku sai ya ga kamar dole kayansa su ninka na wanda zai yi mako biyu, alhali tufafin da suka ishi mutum mako guda su ne za su ishe shi wata shida, muddin zai riƙa wanki a hanya. Idan ka zazzage jakar sabon matafiyi ka duba, za ka tarar cewa rabin abin da ke ciki fargaba ce ta sa shi, wato kayan "ko da sanyi zai tsananta", da na "ko da za a gayyace ni wani taro", da na "ko da wannan ya lalace". Kowace "ko da" tana da nauyinta, kuma gadon bayanka ne zai ɗauke ta a kan kowane matakalar tashar jirgin ƙasa da kowane titin da ka ɓata a cikinsa kana neman masauki.

Daga jakar ake farawa, ba daga kayan ba, domin duk girman da ka saya sai ka cika shi. Jakar goyo mai cin lita 35 zuwa 45 ta wadatar ga wanda zai riƙa kwana a masaukai, ba a tanti ba. Amfanin wannan girman shi ne yawanci za ka iya shiga da ita cikin jirgin sama. Ma'aunin da kamfanonin jirage da dama suke amfani da shi bai wuce kusan santimita 55 a tsawo, 40 a faɗi, da 20 zuwa 25 a kauri ba, nauyin kuma kilo 7 ne a wurin da yawa daga cikinsu, wasu 8, wasu 10. Kamfanoni masu arha sun fi tsanani, har wasunsu ba sa barin komai kyauta sai 'yar ƙaramar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera, saboda haka ka duba dokar kowane jirgin da za ka hau, ka bi ta wanda ya fi matsawa. Wanda jakarsa take tare da shi ba ya tsayawa jiran kaya bayan sauka, kuma ba ya cikin waɗanda kayansu suke wucewa wata ƙasa su bar su da tufafin jikinsu.

Kafin ka biya kuɗin jaka, ka sa mata nauyi ka goya ta. Wadda ta dace ita ce wadda ɗamararta mai kauri take zama daidai kan ƙashin ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗu kuwa aikinsu kawai su hana ta rinjaya baya. Ka fifita wadda zif ɗinta yake buɗewa gaba ɗaya kamar akwati a kan wadda ake cusa kaya ta sama, sannan ka tambayi nauyinta tana fanko, saboda jakar da ita kanta ta kai kilo biyu ta riga ta cinye maka kaso mai yawa daga kilo bakwai ɗin nan.

Abu na biyu da za ka nema shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram. Ka ɗora kowane abu a kai, ka rubuta nauyinsa a takarda kusa da sunansa. Wannan aiki yana da gajiyarwa, amma shi ne yake kashe gardamar da mutum yake yi da kansa, domin abin da ka ɗauka a hannu ka ce "ai wannan ba nauyi" sai ka ga ya nuna giram 400, kuma irinsa biyar sun zama kilo biyu. Masu takawa a Camino de Santiago, hanyar ziyarar ibada ta Kiristoci wadda fitaccen reshenta yake tashi daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa ya ratsa arewacin Sifaniya na kusan kilomita 800, suna da wata ƙa'ida da suka daɗe da ita, cewa kada jaka ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita. Da yawa daga cikin waɗanda suka raina wannan ƙa'ida a gidan waya suke ƙarewa bayan 'yan kwanakin farko, suna aika rarar kayansu gaba ko gida. Kai da za ka riƙa hawa mota da jirgin ƙasa kana iya wuce wannan kaɗan, amma kada ka manta cewa lita ɗaya ta ruwan sha kilo ɗaya ce cur, kuma ba ta cikin lissafin da ka yi a ɗaki.

Ni kaina sai da na sha wuya na koya. A tafiyata ta farko na fita da kilo goma sha shida, kuma a rana ta goma sha ɗaya, bayan na hau bene hawa huɗu a wani masaukin da ba shi da lif, na zazzage komai a kan gado na ware abin da ban taɓa ba tun fitowata. Wandon jins na biyu yana nan a ninke yadda na sa shi, da takalmin fita taro a cikin ledarsa, da littattafai uku, da wani ƙaton tawul wanda sau ɗaya na yi amfani da shi ya kwana biyu bai bushe ba har ya fara wari. A ƙasan benen akwai wani kwali da matafiya suke zuba abin da suka gaji da ɗauka, kuma da na leƙa ciki sai na ga kayan mutane irin nawa sak.

Tufafi su ne inda ake cin nasara ko a faɗi. Riguna uku ko huɗu, wando ko siket biyu, kamfai da safa huɗu-huɗu, da wani abu mara nauyi na kwanciya, sun isa, da sharaɗin launukansu su dace da juna ta yadda kowace riga za ta hau kowane wando. Yadin ya fi yawan muhimmanci. Auduga tana da daɗin sawa, amma tana shan ruwa ta riƙe shi, ga ta da jinkirin bushewa, musamman a wurare masu laima kamar kudu maso gabashin Asiya a lokacin damina. Yadin roba irin na 'yan wasanni yana bushewa cikin dare ɗaya, sai dai yana saurin ɗaukar warin gumi. Ulun merino, wato na wani nau'in tumaki mai laushin gashi, ya haɗa amfanin biyu, domin ana iya maimaita shi kwanaki bai yi wari ba, yana ɗumama jiki ko da ya jiƙe, amma yana da tsada kuma yana saurin hujewa. A ra'ayina safa da riga ɗaya ta merino sun cancanci kuɗinsu, sauran kuwa yadin roba ya wadatar.

Game da sanyi, kada ka ɗauki ƙatuwar riga guda mai cika rabin jaka. Dabarar ita ce sawa hawa-hawa: ta ciki mai bin jiki, sai rigar sanyi mara nauyi a kanta, sai siririyar rigar ruwa mai tare iska a waje. Iskar da take maƙale tsakanin waɗannan ita ce take riƙe ɗumi, kuma idan rana ta buɗe sai ka cire ɗaya bayan ɗaya. Idan sai a wata na uku za ka isa ƙasa mai tsananin sanyi, babu dalilin goya kayanta tun daga ranar farko, tunda mutanen can ma a can suke sayen nasu. Wani abu guda da ban taɓa nadamar ɗauka ba shi ne faffaɗan gyale mara nauyi, wanda yake zama mayafi a motar da na'urar sanyaya wuri ta yi wa yawa, ya zama matashin kai, ya kuma rufe kafaɗu a wuraren ibada da ba a shiga sai da suturta jiki, kamar Cocin St. Peter a Vatican ko manyan wuraren bauta na Bangkok.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan wanki, don haka ka mai da shi al'ada ta kowane dare biyu maimakon ka tara. Ka wanke a wurin wanke hannu, ka matse, sannan ka shimfiɗa rigar a kan tawul, ka naɗe su tare kamar tabarma, ka taka da ƙafa. Tawul ɗin zai tsotse mafi yawan ruwan, kuma abin da ka shanya da dare zai bushe kafin gari ya waye. 'Yar igiyar shanya mai mita uku ba ta da wani nauyi.

Takalmi biyu ne iyaka: na tafiya wanda ka riga ka saba da shi tun makonni kafin tashi, da silifas na banɗaki. Mai nauyin a ƙafarka zai kasance ranar hawa jirgi, tare da rigar sanyin, domin abin da ke jikinka ba a ɗora shi a sikeli.

Kayan wanka ba sa bukatar dogon bayani, tunda babu ƙasar da ba a sayar da sabulu da man goge baki. Tun shekarar 2006 yawancin filayen jiragen sama ba sa barin ruwa ko mai a jakar hannu sai a mazubin da bai wuce mililita 100 ba, duka a cikin leda mai haske guda mai cin lita ɗaya. Girman mazubin ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba, don haka kwalba mai mililita 200 da ta kusa ƙarewa ma za a karɓe ta. Wasu filayen da suka sa sababbin na'urorin bincike sun sassauta, amma ba ka da tabbacin haka a inda za ka sauya jirgi. Sabulun dunƙule ya fid da kai daga wannan matsala. Wuƙa kuwa ka bar ta a gida.

Magani shi ne wurin da ba a yin rowar nauyi. Duk wanda likita ya ɗora ka a kai, ka ɗauki wanda zai kai ka ƙarshen tafiya da ɗan ƙari, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin, ba sunan kamfani kaɗai ba. Ka kuma bincika dokar kowace ƙasa, domin abin da ake saya cikin sauƙi a wani wuri yana iya kai mutum gidan yari a wani: tiramadol a Masar da kodin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna ƙarƙashin tsauraran dokoki, Japan kuma ta hana shiga da wasu magungunan mura da ake ɗauka ba komai ba ne a wasu ƙasashe. Bayan wannan, filasta, da maganin ciwon kai, da na gudawa, da gishirin mayar da ruwan jiki sun isa.

A ɓangaren lantarki, waya ta riga ta maye gurbin taswira, da kyamara, da tocila, da littafin jagora, saboda haka kwamfuta sai ga wanda zai yi aiki a hanya. Caja ɗaya mai bakuna biyu ko uku da adafta ɗaya, wato abin da ke daidaita ƙafafun caja da soket, sun fi tarin wayoyi, kasancewar soket ɗin Ingila mai ƙafa uku ne, na yawancin Turai mai zagayayyun ƙafafu biyu, na Amurka kuma mai faffaɗan ƙafafu. Ka duba jikin cajar ka ga an rubuta 100 zuwa 240V, wato ƙarfin wutar da take ɗauka, domin wutar Amurka 120 ce, ta Japan 100, ta Turai 230. Batirin ajiye caji dole ya kasance a jakar da za ka shiga da ita jirgi, kuma wanda bai wuce 100Wh (ma'aunin yawan wutar da batiri yake riƙewa) ba ne ake bari ba tare da neman izini ba. Wanda aka rubuta 20,000mAh a jikinsa kusan 74Wh ne.

Fasfo da katunan banki da takardar inshora ba sa shiga babbar jaka, a jikinka suke kwana su tashi. Ƙasashe da yawa, irin su Tailan da Indonesiya, suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida, ƙasashen Schengen kuma, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza guda, wata uku bayan ranar da za ka fita. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka ajiye kwafi na takarda a wani aljihun dabam, ka raba katunan banki biyu a wurare biyu.

Wajen shiryawa, masu nauyi su jingina da bayanka a tsakiyar jakar, marasa nauyi a ƙasa da gefe, rigar ruwa da ledar kayan wanka a sama inda hannu zai kai da sauri. Naɗe tufafi ya fi ninke su, kuma ƙananan jakunkuna masu zif suna hana a yi ta tono a ɗakin haɗaka da asuba mutane suna barci. Ka yi hattara da buhunan da ake matse wa iska, domin girman kaya suke ragewa, nauyin yana nan, har ma sukan ja mutum ya ƙara wasu. Idan ka gama, ka goya jakar ka yi tafiyar awa ɗaya a ƙasa, ka hau bene da ita, ka ɗaga ta sama da kanka kamar za ka sa ta a ma'ajiyar kaya ta jirgi. In ka kasa ɗagawa kai kaɗai, ka koma kan takardar nan ta nauyi, ka fara cirewa daga abubuwan da "ko da" ce ta shigar da su, har sai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jakar ya zama fanko don guzuri da abin da za ka saya a hanya.