Yadda Za A Raba Ruwan Madatsa Tsakanin Jama'a Da Kogi

A fara da auna ruwan da ke cikin madatsar a ƙarshen Oktoba, bayan ɗaukewar damina. Kada a dogara da lissafin ranar da aka gina ta, domin laka na cinye zurfi kowace shekara. Sannan a cire kason da zafin rana ke ƙafarwa: idan milimita 6 na ƙafewa kullum a kan hekta 100, an rasa mita kubik 6,000 ke nan a wuni, kuma Maris da Afrilu sun fi tsanani.

Ruwan sha ne kan gaba. Don shi aka gina madatsar Kangimi, ta riƙa tallafa wa Kogin Kaduna da rani. Na biye shi ne kason kogin kansa, wanda aka fi mantawa da shi. Idan aka rufe ƙofa ruf, kududdufai na tsayawa, kifi ya mutu, dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ya samu gida. Abin da ya rage sai a raba wa masu noman rani da mashayar shanu, bisa jadawalin da masu unguwanni, sarkin ruwa da arɗo suka amince da shi.

Kafin Agusta a riƙa sakin ruwan madatsar kaɗan-kaɗan don kada ta cika ta tilasta sakin gaggawa, a sanar da ƙauyukan da ke ƙasan madatsar tukuna. Sakin gaggawa ne ke kwashe gonakin fadama.