Masu son kallon rana, don Allah ku daina waɗannan kurakuran

Kusan duk sati sai wani ya zo min da zancen wai ya ji zare, wato wani dogon baƙin layin iskar gas, ya tsinke a jikin rana, yana so ya gani da idonsa. To bari in faɗa sau ɗaya.

Hazo ba kariya ba ne! Da hunturu a nan Jos rana takan fito fara fat kamar faranti, sai mutum ya ƙura mata ido tunda ba ta kashe masa ido. Ni na yi haka a kan dutsen Shere, da madubin hangen nesa ma, ko ƙiftawa biyu ban yi ba amma har yau akwai ɗigo a tsakiyar idona na dama, in ina karatun Ƙur'ani sai na ɗan karkata kai. Can cikin ido ba ya jin zafi, yana ƙonewa ba ka sani ba. Haba jama'a, baƙin tabarau, fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, gilashin da aka turara da hayaƙin aci-bal-bal, wa ya ce muku suna tare wani abu? Ni gilashin walda mai lamba 14 nake sawa, ko tabarau na kallon rana mai hatimin inganci na ISO 12312-2, kuma na ido ne kawai. In da madubi za ka duba, filtar kallon rana a bakinsa na gaba ake ɗaurawa, ba wajen da kake kafa ido ba. Kar kuma a haska kyamarar waya ta cikin madubi babu filta.

Kuskure na biyu ya ci min kuɗi. Na yi odar filta ina ɗokin ganin zaren, ashe baƙaƙen tabo kaɗai take nunawa. Zaren nan iskar gas ce mai kauri da maganaɗisun rana ya rataye a sama, ba ta kai kewayenta zafi ba shi ya sa take fitowa baƙa, kuma daga ƙasa galibi sai da na'urar H-alfa, mai barin wani jan haske kaɗai ya wuce, ake ganinta. Tana da tsada sosai. Yanzu bayan asuba hotunan SDO, tauraron da NASA ta harba a 2010, nake buɗewa a waya.

Ba duk zaren da ya tsinke ke nufo mu ba, wanda ya nufo ma yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya.  Masu hawa dutse jiran hasken nan mai launi da irin wannan tsinkewar kan haddasa a sararin Turai kuma, mun yi kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu da yawa, ko babbar guguwar rana ta Mayun 2024 ba ta kawo mana shi ba.