Gudun siki a dusar ƙanƙara: inda 'yan uwa suka fi yin kuskure

Ƙannena 'yan Katsina da Daura da ke karatu a Turai, in hutun hunturu ya zo abokai suka ja ku wuraren shaƙatawa na kan dutse irin su Sjusjøen kusa da Lillehammer a Norwe ko Davos a Suwizalan, ku gwada gudun siki na dogon zango, wato tafiya a kan dusar ƙanƙara da dogayen alluna siraru (siki) maƙale a takalmi ana turawa da sanda biyu, ba laifi, ai Samuel Ikpefan da shi ya wakilci Najeriya a Olamfik ɗin sanyi na Bejin a 2022. Amma ku san abin da za ku tarar.

Babbar matsalarmu kaya. Mutum ya ji an ce ƙanƙara sai ya jibga singileti da riga biyu da ƙatuwar jaket kamar ɗan acaɓa da asubar hunturu a hanyar Jibiya, alhali wannan wasan ba na'ura ce za ta hau da kai dutse ka sulalo ba, da ƙafarka da hannunka za ka tura kanka, kafin minti goma ka jiƙe sharkaf da zufa. Auduga kuma in ta sha zufa ba ta saki, kana tsayawa hutawa sanyi zai shige ka har ƙashi. Ka sa ta ulu mai laushi a jikin fata, wata mara nauyi a kai, sai 'yar jaket mai tare iska. In ka fito kana ɗan jin sanyi toh daidai kenan. Mai kaurin ka bar ta a jaka sai an tsaya.

Wurin hayar kayan siki ma ana tafka shirme. Salo biyu ne, akwai kilasik wanda ake bin layi biyu da mota ta tsaga a dusa, akwai siket mai kama da gudun takalmin taya. Sabon shiga ya nemi sikin kilasik, irin wanda ke da gashi ko zane a ƙasansa don kada ya riƙa zamewa baya, ya huta da wahalar shafa kaki. Ka gaya wa mai haya nauyinka na gaskiya, da shi ake zaɓar siki, ba wurin jin kunya ba ne. Sanda kuwa ta kai maka tsakanin hammata da kafaɗa.

Sai tsayuwa. Tsoro kan sa mutum ya janye jiki baya, kuma a takalmin nan yatsu kaɗai ke maƙale da siki, dunduniya sake take, shi ya sa kake jin tim! Ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka karkata gaba, nauyi a ƙafa ɗaya sannan ɗayar. A hawa ka buɗe bakin sikin waje ka riƙa takawa, a gangara ka fita daga layi ka haɗa bakinsu ciki don rage gudu. Don Allah kada ka kafa sanda a gabanka wai birki, cikinka za ta soka.

Akwai ladabin hanya: ka riƙe dama, mai gangarowa shi ake ba wuri, in ka faɗi ka yi maza ka kauce, kuma ba a taka layin da takalmi, Turawan nan ba sa wasa da wannan. A tsaunukan Alf, inda Davos take, hanya mai shuɗin alama ita ce mai sauƙi, ja tsaka-tsaki, baƙa ba taka ba ce tukuna.

Ruwa ma mantawa ake don ba a jin ƙishi, ka zuba mai ɗumi a fulas. Tabarau dole, dusa na maido hasken rana cikin ido. Waya ta zauna a aljihun ciki in ba haka ba caji ya zube nan take. Kuma a Disamba wajen ƙarfe uku rana ta faɗi a Lillehammer, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, ka yi alwalarka tun a masauki ka lissafa dawowa kafin duhu.